Kabidon Baba a Ƙasar Italiya

Talata Mafara

Ƙarfe biyar saura kwata na asubahin wata Asabar muka bar Talata Mafara, ni da abokin aikina Buba mutumin Bakura, a cikin a-kori-kurar kamfani. A shekarun da ake ginin dam ɗin Bakolori ne. Ni makaniki ne a sashen ƙofofin ruwa, Buba yana wajen injinan famfo, kuma mu biyu aka zaɓa a tura Italiya kwas na mako shida a masana'antar da ke ƙera ƙofofin. An faɗa mana ƙarara cewa wanda ya dawo da takardar shaida shi za a bar wa aikin idan Turawa sun koma gida, wanda bai dawo da ita ba kuma ya ci gaba da riƙe wa wasu sufana.

Kayana akwati ɗaya ne, ana ɗaukarsa da yatsa biyu. Kaftani uku marasa nauyi, babbar rigar aurena, huluna huɗu, takalmi fade, sai suwaita guda da na saka don kada a ce ban ji magana ba. Buba kuwa adaka biyu ya zo da su, da ƙunshin da sai da mutum biyu suka ɗora. Abin da ya jawo bambancin, ranar da akawun ofis ya karanta mana takardar tafiya sai ya ce, "An ce ku riƙe kayan sanyi da na ruwa, don lokacin kaka za ku tarar." Kunnen Buba sanyi ya kama. Nawa kuma kaka ya kama. Na ce a raina, ni ɗan manomi ne, babu mai koya mini kaka: ruwa ya ɗauke, an yanke gero, rana tana gasa ƙeya. Wane irin ruwa kuma?

Akwai kaya ɗaya da ban so ɗauka ba. Ranar Alhamis na hau babur zuwa Maradun yin sallama da mahaifina. Tun da ruwan dam ya haɗiye fadamarsa aka maido su sabon matsuguni a kan tudu, ni kuma na kama aiki wurin masu dam ɗin, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na same shi a zaure yana tufka igiya. Na durƙusa, muka yi ta gaisawa har gaisuwar ta ƙare.

"An ce za ka garinsu," in ji shi.

"E, Baba."

"Mutanen da sunka iya tara ruwa haka, ba daga ƙasar fari sunka hito ba."

Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da kabidonsa. Ga wanda bai san kabido ba, rufi ne na kaba da manoma da makiyaya ke kifawa tun daga ka har gwiwa idan ana ruwa, mutum ya zama kamar bukka ta yi ƙafa. Shi ya saƙa abinsa da hannunsa.

"Amshi."

"Baba, ai kaka ce can."

"Kakarka ko tasu?"

Na naɗe shi kamar tabarma, na ɗaure a bayan babur, ina lissafin wurin da zan ajiye shi a hanya.

Gusau zuwa Kano

Mun shiga Gusau ƙarfe bakwai, muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha. Ina da aboki mai shagon faci a nan, shi na yi niyyar bar wa kabidon ajiya. Ina kwance igiya sai direbanmu, wani dattijo ɗan Faru, ya leƙo.

"Me za ka sauke?"

Na gaya masa.

"Ba a motata ba. Kyautar uba ba a yada ita a hanya. In ka sauke shi ka sauka tare da shi."

Buba bai ma ji abin da muke ciki ba, ya riga ya faɗa layin 'yan gwanjo. Ya dawo da wata doguwar kwat ja, wuyanta duk gashi kamar an naɗa kyanwa. Mai sayarwar ya rantse masa cewa wani babban hafsan soja ne ya yi yaƙi da ita a ƙasar ƙanƙara.

A shingen 'yan sanda na Tsafe aka tsayar da mu. Wani kofur ya zagaya motar, ya daki adakun Buba da kulki, ya ɗaga kabido ya duba.

"Wannan na waye?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"To ina shanun?"

Na ce Italiya za mu. Ya dube ni, ya dubi kabido, ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa. Dariya ce ta sa suka manta da tambayar takardun mota.

Muka bi ta Funtuwa, muka yi azahar a Malumfashi, muka ci shinkafa da wake a Gwarzo. La'asar sakaliya muka shiga Kano, aka sauke mu a masaukin kamfani da ke Fagge.

Filin jirgi, Kano

Lahadi ƙarfe takwas na safe muna gaban sikeli. Ƙa'ida kilo ashirin ce ga kowane mutum. Nawa da kabido da komai bai kai goma sha ɗaya ba. Na Buba ya haura arba'in. Na karɓi abin da zan iya a cikin akwatina, duk da haka saura. Ma'aikaciyar ta ce ko a rage ko a bari.

"Abin da ke jikin mutum ana auna shi?" Buba ya tambaya.

Ta ce a'a.

Ya ja adaka ɗaya ya shiga banɗaki. Bayan kamar minti ashirin aka turo ƙofa, wani abu ya fito a karkace. Wando huɗu ya saka, da riguna shida, da suwaita uku, da babbar riga, ya ɗora jar kwat a sama, ya yafa bargon Bakura a kafaɗa. Hannuwansa sun ƙi sauka, suna tsaye a gefe kamar na mutum-mutumin gona. Buba dogo ne siriri, amma ran nan wani alhaji da ke kan layi ya matsa masa yana cewa, "Bismilla, ranka ya daɗe, wuce."

Daga ɗakin jira zuwa matakalar jirgi tafiya ce a ƙasa cikin rana. Ina gaba cikin kaftanina iska na ratsa ni, ina jin numfashinsa a baya kamar zugazugi.

"Ummaru," ya ce, "in na faɗi kada ka bari su yanka tufafin."

A cikin jirgi ɗamarar kujera ta ƙi zagaye shi. Duk sa'a guda sai ya cire riga ɗaya ya tura ƙarƙashin kujera, har muka wuce Sahara sannan wuyansa ya fito. Na yi masa dariya son raina, kuma na biya bashin dariyar nan ba da jimawa ba.

Roma

Mun sauka wajen ƙarfe huɗu na yamma agogonsu. Ana buɗe ƙofar jirgi wata iska mai laima ta shiga hannun kaftanina ta fita ta wuya. Sama ta yi baƙi, ruwa na sauka siri-siri ba tsawa ba walƙiya, irin wanda ba shi da niyyar ɗaukewa. Buba ya juyo ya dube ni, yana mayar da rigunansa ɗaya bayan ɗaya.

"Barka da kaka," ya ce.

A wurin kwastan aka tsare kabido. Jami'in ya warware shi, ya sansana, ya leƙa ciki, ya kira wasu biyu. Turancina na makaniki ne, nasu kuma bai kai nawa ba. Na ce hula ce, suka girgiza kai. Na ce riga ce, suka ƙara girgizawa. Da na ga abin zai ja mu rasa jirgin ƙasa, sai na ɗauka na kifa a kaina na tsaya. Buba ya zagayo ta baya, ya ɗaga hannuwa sama yana karkaɗa yatsu yana cewa "shaaa, shaaa." Babbansu ya yi ta dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ɗauki alli ya yi wa kabido alama a daidai goshina, ya sara mini.

A waje muka tarar da wanda zai yi mana tafinta, wani injiniya ɗan Italiya da ya yi shekara uku a Bakolori. Leburori sun sa masa suna Mai Lofe don lofe ba ya barin bakinsa. Hausarsa ta Mafara ce tsantsa, sai dai shi yake gaisuwa ya amsa wa kansa: "Sannunku da zuwa, ina gajiya, ba gajiya, lahiya lau." Ya dubi takalmina fade, yatsuna a waje sun yi fari.

"Ummaru, ba a karanta maka takarda ba?"

"An karanta."

"To mi ya faru?"

Buba ya buɗe baki zai ba da labari, na taka masa ƙafa. Bai ji ba, safa uku ce a ƙafar.

Garin kwas

Jirgin ƙasa ya kai mu Milan, daga nan mota ta yi sa'a ɗaya da mu zuwa wani ƙaramin gari da gonakin shinkafa suka kewaye. An sauke mu a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, muna ce mata Mama. Ɗakinmu a sama yake, gadaje biyu, taga ɗaya tana kallon coci. Abinci taliya ce da rana, taliya da yamma, sai dai kullum da irin yankan da aka yi mata. Maganar alade Buba ya gama da ita tun ranar farko: ya yi gurnani irin nasa, ya kaɗa yatsa, Mama ta gane. Da yajin da muka zo da shi muka rayu.

Ita ce kuma ta fasa ƙwan jar kwat. Tana ganinta a jikin Buba ta dafe ƙirji, ta zauna a kujera tana dariya har da hawaye. Ta ja shi gaban taga ta nuna masa mata uku da ke wucewa, kowacce da irinta.

"Watakila hafsan mace ce," na ce masa.

"Mace ko namiji, ni dai ɗumi nake ji. Kai fa?"

Daga gidan zuwa masana'anta tafiyar minti ashirin ce a ƙasa, kuma ƙarfe bakwai da rabi ake shiga. Kwana tara ban ga rana ba. Lokacin salla da agogo muke gane shi. Kaftanin da na wanke ranar Litinin har Juma'a yana ɗiga. Na sayi lema da takalmi sau-ciki, iska ta juye lemar a kwana na biyu ta bar ni da sanda. Na koma saka kaftani uku a haɗe da babbar rigar aure a sama, ita kuwa shan ruwa take kamar soso, in isa aji ina jan ta kamar wanda aka tsamo daga gulbi. Kabido yana ƙarƙashin gado. Kunya ta hana ni ko duban wajen.

A mako na biyu zazzaɓi ya kayar da ni. Kwana biyu ina kwance, haƙora na kaɗawa, Mama na hawa da sauka da romon kaza. Da yammacin rana ta biyu Mai Lofe ya zo duba ni. Ya zauna a bakin gado, ya cire lofen, abin da ban taɓa gani ba.

"Ummaru, doka ta ce wanda ya yi fashin kwana uku babu takarda. Ba ni na sa ta ba. Gobe ko da rarrafe ka zo."

Da safe na tashi jikina da ɗan dama, amma ruwan da ake yi ya fi na kullum, ga iska. Na san in ya sake dukana sau ɗaya, ba takarda kaɗai zan rasa ba. Buba ya ba ni suwaita biyu da wandon da sai da na naɗe ƙafarsa sau uku. Ya tsaya yana kallona, sannan ya durƙusa ya jawo kabido daga ƙarƙashin gado.

"A garin nan wa ya san ka?" ya ce. "Ni da nake yawo da rigar mata ban mutu ba."

Na kifa, muka fito.

Hanyar ta bi ta gaban coci, ta ratsa kasuwa. Tagogi suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Wani kare ya biyo mu yana haushi, da ya zo kusa ya rasa inda zai ciza sai ya koma. Mai sayar da burodi ya fito da farin gari a hannu ya tsaya baki buɗe. Wani mai keke ya yi ta waiwaye har ya shiga kwata. Limamin cocin kuwa, da muka yi kiciɓis da shi, cire hularsa ya yi ya ɗan rusuna, ina jin ya ɗauka wani babban malami ne na wani addinin. Ni dai ta 'yar kafar gaba nake kallon ƙasa, ina jin ruwa na buga kaba yana gangarewa, sautin da na sani tun ina bin Baba fadama.

A ƙofar masana'anta ma'aikata na tsaye suna matse huluna da safa. Na cire kabido na jingine. A bushe nake ƙayau, ko ɗigo babu daga ka har gwiwa. Sai wani ƙaton mai walda ya fara tafi, saura suka ɗauka. Kafin a tashi aiki mutum shida sun gwada shi a tsakar gida, ana watsa musu ruwa da tiyo. Daga ran nan ban ƙara fashi ba. Sun sa mini wani suna da Mai Lofe ya ce ma'anarsa bukka mai tafiya, har mai burodi ya koma ajiye mini guda mai zafi.

Gonar shinkafa

Asabar ta mako na huɗu aka kai mu ganin yadda suke raba ruwa a gonaki. A nan na ga kakarsu da idona: ana girbi ana ruwa, shinkafar kuma a wani dogon ɗaki ake busar da ita da iskar inji mai zafi, tunda babu ranar da za a shanya.

Mai gonar tsoho ne tukuf, gajere, hannuwansa kamar saiwar itace. Yana yafe da wani baƙin mayafi na ulu mai kauri, ya zagaya shi sau ɗaya ya jefa gefen a kafaɗa. Bai ko dubi ƙofofin ruwan da aka zo nuna mana ba, ni ya nufo. Ko kaɗan bai yi dariya ba. Ya shafa kabido, ya bi saƙar da yatsa layi-layi, ya juya bakin ya ga yadda aka kalmashe shi, har ya gano wurin da aka taɓa yin gyara. Ya yi magana.

"Ya ce wa ya saƙa," in ji Mai Lofe.

"Mahaifina."

"Ya ce mi yake nomawa."

Na dubi Mai Lofe. "Gaya masa shinkafa da dankali da albasa, a da. Yanzu gonar tana ƙarƙashin ruwan da ni da kai muka tara."

Mai Lofe ya daɗe yana gyara tabar lofensa kafin ya fassara. Tsohon ya saurara har ƙarshe. Sai ya warware mayafinsa ya miƙo mini da hannu biyu, ya nuna kabido da haɓa.

Na rasa yadda zan yi. Abin ba nawa ba ne da zan bayar. Amma ga dattijo tsaye cikin ruwa daga shi sai 'yar shara, hannu a miƙe. Na cire na kifa masa. Ya ɗan yi masa tsawo, amma ya zauna masa kamar don shi aka saƙa. Ya juya ya bi kunyar gona ya tafi abinsa, muna kallon bukka tana ratsa shinkafa.

Mayafin ya yi mini sauran kwanakin, ruwa ba ya ratsa shi, ga ɗumi. Sai dai tun daga ran nan nake juya abin da zan faɗa a Maradun.

Komawa gida

Mun ci jarrabawa mu duka biyu, aka ba mu takardu ranar Juma'ar ƙarshe. Buba ya bar wa Mama jar kwat, kuma da ita ta raka mu tashar mota, ta yi mata kyau ƙwarai. Mun sauka Kano ranar Lahadi da hantsi, muka kwana Fagge, Litinin ƙarfe shida muka kama hanya. Bayan magariba muka shiga Talata Mafara. Buba ya wuce Bakura da safe, ni kuma na hau babur zuwa Maradun, mayafi a ɗaure a baya.

Baba yana zaure. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi Buba. Na miƙa masa takardar shaida, ya juya ta gaba da baya ya ajiye a kan tabarma.

"Ina kabidona?"

Na ba shi labari tun daga zazzaɓi har gonar tsoho, ban rage komai ba, har abin da na sa aka fassara. Sannan na ajiye mayafin a gabansa. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya ɗaga ya ji nauyinsa.

"Shi da kanshi yaka noma?"

"Da kansa, Baba."

"Ɗiyanshi fa?"

"An ce duk sun tafi birni aikin masana'anta."

Ya mayar da kallonsa ƙofar zaure. Can ya ce, "Ashe ko'ina haka ta ke."

Ya miƙe ya yafa. Ban nuna masa yadda ake yi ba, amma ya zagaya shi ya jefa gefen a kafaɗa daidai yadda mai shi ke yi. Rana ta take, gumi ya fara tsattsafo masa, bai cire ba. Ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo.

"Wancan kabidon ya tsufa, ba ya wuce damina biyu," ya ce. "Ka tambayi mutanen naka in akwai mai komawa gida. In saƙa mishi sabo, da ɗan gajarta, tunda ka ce gajere ne."

Mako uku ya yi yana saƙar, ni nake kawo masa kaba daga garin Kaya a bayan babur, in zauna ina miƙa masa muna hira. Wani direban katafila ɗan Italiya da kwangilarsa ta ƙare shi ya tafi da shi don Mai Lofe ya miƙa wa tsohon, kuma na roƙe shi ya kifa a kansa in an tsare shi a kwastan.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Buba da suwaitocinsa, da direban da ya hana ni sauke kaya a Gusau, da Mama da romonta, da kuma tsohon nan mai gonar shinkafa wanda har yau ban san sunansa ba.